Sarbon Motata da Hannun Surukina

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani gidan bene a garin Silver Spring na ƙasar Amurka, surukina ya zo daga Kano don a yi masa gashi a asibiti. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa hannun dama. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana kanikancin manyan motoci, ga shi cokali ma yana gagararsa. Sati uku da zuwansa ya ajiye 'yar ƙwallon da likita ta ba shi ya riƙa matsawa, ya ce wa matata ta nemo masa tikitin komawa gida. Mun san in ya tafi bai gama gashin ba, hannun ya tafi ke nan.

Ni kuwa ba bakin magana gare ni ba. Surukuta ce tsakaninmu ta gaske: in durƙusa in gaishe shi, in sulale ɗaki. Abin da zai gaya mini sai ya bi ta bakin 'yarsa, ko da kuwa ina tsaye a bakin ƙofa.

Ina da wata 'yar motar rimot mai manyan tayoyi da nake ɓoyewa a ƙasan kabad, don wane ido gare ni da zai ga mijin 'yarsa, injiniya guda da gemu, yana wasan mota? Wata Asabar na saci jiki na kai ta filin ajiye motoci na bayan gida. Ina cikin jin daɗina na maka ta da dakalin siminti. Sai ƙarrr, sitiyari ya daina amsawa. Na cusa ta cikin rigar sanyi na hau sama kamar ɓarawon kaza.

Ina shiga na ji muryarsa daga falo: "Ki ce wa mijinki haƙoran sitiyarinsa ne suka cinye. Tun daga taga na ji kukansu."

Da na buɗe, haka ne kuwa. Sarbo, wato ɗan injin da ke juya tayoyin gaba, haƙoransa na roba ne, sun zube. Na garzaya wani shago a Wheaton na ce a ba ni wanda ya fi kowane ƙarfi, mai kilo talatin da biyar, don da kilo ake auna ƙarfinsu. Na ɗaura ina ta zumuɗi. Mota ta kama zagaye hagu ba tsayawa, in na murɗa sitiyari da ƙarfi kuma ta ɗauke wuta gaba ɗaya.

Matata ta zama 'yar aike tsakanin ɗaki da falo. A zuwa na huɗu ta ce ita fa miyarta na kan wuta, mu sasanta kanmu. Can na ji ya ce, "Injiniya, kawo ta nan." Ranar ya fara yi mini magana kai tsaye, kuma da faɗa ya fara.

"Ka ɗaure hannun sitiyari tayoyi ba su miƙe ba. A garejina da na kore ka. Kunna shi tukuna ya tsaya a tsakiya, sannan ka ɗaure. Wannan ƙaton kuma wa ya aike ka? Ya fi ƙarfin wutar motar, shi ke zuƙe ta."

"Baba, na ga shi ne mafi ƙarfi."

"To ɗauko injin tirela ka sa wa a-daidaita-sahu mana."

Washegari ya saka babbar riga da hula ya ce shagon za mu. In ba asibiti da masallaci ba, bai taɓa yarda ya fita ba. Ya sa aka jera masa sarbo biyar a kan kanta, ina yi masa tafinta. Wannan ya ce ya cika nawa wajen juyawa, wancan ya tambaya ko ruwa na shigarsa, saboda dusar ƙanƙara. Ya zaɓi mai kilo ashirin, haƙoran ƙarfe, mai sauri. Mai shagon ya ce shi ma da shi ne wannan zai ɗauka, ni kuwa sai washe baki nake kamar ni aka yaba.

A gida, ƙananan sukurori huɗu ne ke riƙe sarbon. Na miƙa hannu zan ɗaura, ya ce in bari. Ya ɗauki sukundireba da hannun daman nan. Sau uku sukurun farko yana faɗuwa kan kafet, ina tsinto masa ba tare da na ɗaga ido ba. Aikin minti biyu ya ci mana kusan awa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Da na huɗun ya zauna, sai da na je banɗaki na wanke fuska, don hawaye sun kawo mini.

Muka sauka filin. Ya kama rimot, yana murɗa ɗan sitiyarin da yatsun dama. Mota ta miƙe sak, ta sha kwana a gaban dakalin da ya karya ni, ta dawo ta tsaya a kan takalmina. Dattijo ya tuntsire da dariya har hularsa ta goce. Ni kuwa tsalle na yi a gaban surukina, kunyar ma na manta inda na ajiye ta.

Da yamma ya ce wa matata, "Maganar tikiti a dakata. Ƙafafun motar nan ma ba su yi mini ba." Ya ƙara wata uku, ya gama gashinsa tsaf. Likitar ta ce a ci gaba da duk abin da ake yi a gida.

Har yau ina jin daɗin tuna cewa abin da na fi jin kunyar ya gani shi ya riƙe shi bai tafi ba. Mun yi ta lallashinsa kamar majinyaci, alhali shi aikin da zai gyara yake nema, da wanda zai yi wa faɗa.

Ranar tafiyarsa, a filin jirgi, na durƙusa zan yi masa sallama. Ya kamo hannuna da damansa ya matse har sai da yatsuna suka yi ƙara. Ya ce, "Injiniya, wannan kilo nawa ne?"