Ɗorawar Inna da Shugaban Masu Dashe

Babban wanmu ne ya sayar wa masu gawayi itatuwan gonar mahaifinmu, kuma shi ne yau shugaban wata ƙungiya ta masu dashen itatuwa a Faskari. Duk abin da zan faɗa a kansa da idona na gani, ko na ji daga bakinsa.

Ƙauyenmu yana gefen Ruwan Godiya. Gonarmu kuwa tana bayan gari, inda ƙasa ta fara gangarawa fadama. Ba wata babbar gona ba ce, amma tun daga nesa ake gane ta saboda inuwa. Akwai manyan itatuwan ɗorawa a tsakiyarta, da kaɗanya a bakin iyaka, da wata tsohuwar kanya da muke hutawa a gindinta. Baba ya gaje su ne a tsaye, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ɗora masu gatari ba. In reshe ya bushe ya faɗo, to an samu na girki. In bai faɗo ba, a tafi a nemo kara.

Gonar ta Baba ce, amma kowa ya san ɗorawar ta Inna ce. Da ita ta riƙe mu. In bazara ta kawo, ɗorawa ta nuna, mukan tafi da gora mai ƙugiya mu yi ta zazzago ta. Garin mu sha, bakinmu duk ya yi rawaya. Ɓawon a jiƙa a yi makuba a shafe ɗaki. Kalwar kuma, wato ƙwayar, Inna ta dafa, ta surfe, ta rufe ta kwana biyu, ta kirɓa daddawa. Har daga Mairuwa mata ke aiko yara sayen daddawarta. Takalmin da babban wanmu ya sa ya tafi makarantar kwana daga tukunyar nan ya fito, haka ma akwatinsa. In ya dawo hutu kuwa sai ya riƙa toshe hanci a tsakar gida, wai gidan yana wari.

Bayan rasuwar Baba ba a raba gado ba. Aka bar gonar a hannun ƙanenmu, autan maza, yana nomawa, yana ciyar da Inna. Ni an kai ni aure Ƙanƙara. Babban wanmu ya zauna Faskari, ya shiga bin 'yan siyasa, ya yi tumbi, ya je Makka, ya koyi magana da hannu a aljihu.

Sai 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu. Abin ya fara da satar shanu, ya koma ɗaukar mutane a gona. Da aka ɗauke maƙwabcinmu yana tsakiyar huɗa, gari ya watse. Na je da kaina na taho da Inna gidana, ƙanenmu ya biyo mu da iyalinsa ya kama ɗaki a kusa. Inna ba ta ɗauko komai ba sai tabarmar sallarta da wata 'yar jaka ta kalwa. Ta zauna a gidana kamar baƙuwa. Ba ta tambayar ɗakinta, ba ta tambayar tukwanenta. In ta ji wani ya fito daga wajenmu, tambayarta ɗaya ce: ɗorawa ta yi fure bana?

Da rani ya tsaya aka ɗan samu sauƙi, ƙanenmu ya hau babur ya je duba gida. Ya dawo da la'asar, ya zauna bakin ƙofa. Na ba shi ruwa ya ƙi sha.

Inna ta ce, "An ƙone gidan ko?"

Ya ce, "Gida shina nan, Inna."

"To mi ne ne?"

"Gonar ce. Babu icce ko ɗaya. An sare su duka, har kanyar."

Ya ce ya tarar da kututture da ramukan toka. Wani tsoho da bai gudu ba ya shaida mashi cewa wasu mutane ne suka zo daga wajen Sabuwa da injin yanka da babbar mota. Manomi ba ya iya shiga gonarsa a lokacin, amma masu gawayi suna shiga suna fita lafiya lau, su suka san yadda suka shirya da mutanen daji. Da tsohon ya yi masu magana sai suka ce mai gona ne ya sayar masu, Alhajin Faskari.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta yi alwala, alhali ta riga ta yi sallah.

Washegari na shirya na tafi Faskari. Na same shi a falo, fanka na kaɗawa, yana cin tsire shi kaɗai. Na gaishe shi kamar yadda aka koya mamu, sannan na ce, "Yaya, da gaske kai ka sayar da icen gona?"

Ko kunya bai ji ba. Ya goge hannu ya ce, "Ke ba ki san harkar tsaro ba. Itatuwan nan maɓoyar ɓarayi ne. A kansu suke hawa suna leƙen gari. Taimakon jama'a na yi."

Na ce, "Garin da babu kowa a ciki suke leƙe?"

"Kin ga matsalar mata ke nan. Kuma ai ina da gado a gonar."

"Inna fa? Ka shawarce ta?"

"Inna ta tsufa. Wa zai sake barinta ta zauna gaban wuta tana dafa kalwa? Ni zan riƙa aiko mata da magi."

Magi. Haka ya ce, kuma ya cika alkawari. Bayan 'yan kwanaki ya aiko direbansa da ƙunshin magi da sabulu. Inna ta sa aka miƙa wa maƙwabta.

Damina na faɗuwa sai muka ji shi a rediyo. Wai an kafa ƙungiyar kare muhalli, shi ne shugaba. Da muryarsa ta masu wa'azi yake cewa hamada na tahowa, jahilci ne ke sa mutanen ƙauye sare itatuwa, dole a wayar masu da kai. Ina tankaɗe a lokacin. Na ajiye rariyar na saurara har ƙarshe, don in tabbatar ba wani mai irin muryarsa ba ne.

Bai tsaya nan ba. Ya zo Ƙanƙara da kansa, karo na farko tun da Inna ta dawo gidana. Ya durƙusa ya gaishe ta, babbar rigarsa na sharar ƙasa. Ya ce za a yi bikin dashe, manyan baƙi za su zo daga Katsina, yana so ta zo ta dasa icen farko, a ga tsohuwa mai kishin ƙasa. Ya kawo mata sabon zane da lulluɓi.

Ni na so in kore shi da tsintsiya. Inna ta ɗaga mani hannu, ta ce mashi, "To, Allah shi kai mu."

Da ya fita na ce, "Inna, da gaske za ki?"

Ta ce, "Ɗana ne. Ya kira ni, zan je. Ki rako ni."

An yi bikin a wani fili a bakin garin Faskari. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an ɗaura lasifika. Matasa sun sha riguna kore masu hoton icce a ƙirji, da huluna hana-sallah. Itatuwan da aka zo dominsu kuwa suna can gefe a cikin baƙaƙen ledoji, rana na dukansu, babu wanda ya tuna ya yayyafa masu ruwa. Yawancinsu bedi ne, wanda wasu ke kira darbejiya, sai 'yan itatuwan turare. Aka yi ta jawabi. Kowa ya tashi sai ya gaida kowa da sunansa da muƙaminsa, ya faɗi amfanin icce kamar shi ya fara gano shi. Babban wanmu ya fi kowa daɗewa. Har ya kawo labarin gonar mahaifinsa mai inuwa, inda ya ce a nan ya koyi son itatuwa. Muryarsa ta yi rawa. Aka tafa mashi. Na kalli ƙanenmu, na ga ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Aka kira Inna. An riga an haƙa rami, ɗan ƙarami, a kan tsandauri. Wani saurayi ya miƙa mata bedi a leda, masu ɗaukar hoto suka zagaye ta. Ta karɓa, ta durƙusa, ta yage ledar a hankali, ta sa shi a rami, ta mayar da ƙasa da hannunta ta danna. Ta nemi ruwa. Aka yi ta dube-dube, babu. Sai wani ya miƙo ruwan roba daga teburin manyan baƙi, ta juye mashi duka.

Wata yarinya mai makirufo ta matso ta ce, "Hajiya, me za ki ce wa masu sare itatuwa?"

Inna ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni ba Hajiya ba ce, ɗiyata. Kuma ba ni da abin ce masu. Nawa an riga an sare. Ki tambayi shugaba, shi ya san masu saye."

Makirufon a kunne yake. Kowa a filin ya ji. Sai babban wanmu ya fashe da dariya, ya rungumo kafaɗarta, ya ce wa baƙi tsohuwa akwai barkwanci. Su ma suka yi dariya, don sun gaji, kuma an fara raba shinkafa. Da labarin ya fito a talabijin an nuna Inna tana danna ƙasa, an yanke maganarta.

Ba a yi wa dashen shinge ba. Kafin kaka awaki sun gama da su. Na bi ta wurin daga baya, babu abin da ke tsaye sai allon ƙarfe mai sunan ƙungiya, wani ya ɗaure jakinsa a jiki.

Shekarar da ta biyo mutanenmu suka fara komawa gida kaɗan-kaɗan, a yi noma da rana, ido na kan daji. Ƙanenmu ya koma. Inna ta nace sai an kai ta, muka kai ta. Ta zagaya gonar da sanda, tana tsayawa a kan kowane kututture. Na ɗorawa duk sun mutu, an ƙone su har saiwa. Amma kaɗanya ta yi toho a wurare da dama, haka kalgo da sabara. Ta sa ƙanenmu ya zaɓi toho mai ƙarfi a kowane gindi ya bari, ya rage sauran, ya kewaye da ƙaya. Ta kwance jakar kalwarta, ta jiƙa, ta bi iyakar gona tana binnewa. Na ce mata ɗorawa tana daɗewa kafin ta yi 'ya'ya. Ta ce ta sani, ai wadda ta ci ma ba ita ta shuka ba.

Ba gonarmu kaɗai aka yi wa aski ba, don haka matan gari suka taru suka je wurin mai unguwa. Aka tsayar da magana a masallaci bayan sallar Juma'a: ba mai sare ɗorawa ko kaɗanya ko ɗanyen toho, ko a gonarsa ne, sai gari ya sani. Mai motar gawayi in ya shigo, ba mai sayar mashi da ko ruwan sha. Babu riga, babu rumfa, babu wanda ya yi jawabi. Yara masu kiwo aka ja wa kunne, kuma suka ji.

Abin ya kama. Cikin 'yan shekaru bayan gari ya fara yin duhu-duhu, tohon kaɗanya ya wuce tsayin mutum. Inna ba ta ga haka sosai ba. Ta rasu a ɗakinta na ƙauye, yadda ta so, ɗorawarta tana kai gwiwa.

Ba mu daɗe da share makoki ba sai ga babban wanmu da motoci biyu da wasu baƙi masu kyamara. Ya wuce da su gonar kai tsaye, ya tsaya a tsakiyar tohon da bai san ranar da aka kewaye shi ba, yana nuna masu da baki da hannu. Ina jinsa yana cewa wannan somin-taɓi ne na aikin ƙungiyarsu, sun wayar da kan mutanen ƙauye, ga sakamako. Ɗaya daga cikin baƙin ya tambaye shi sunan wani ɗan icce, ya ce mangwaro ne. Ɗorawar Inna ce. Ƙanenmu yana riƙe da fartanya, na ga ya yunƙura zai nufe shi, na janye shi gefe. Ba don Yaya ba, don kada a ce 'ya'yan Inna sun yi dambe a gonarta.

An ba shi lambar yabo a kan hotunan nan. Tana rataye a falonsa, kusa da hoton Inna tana durƙushe. Yanzu har Katsina ake gayyatarsa ya yi magana a kan hamada.

Mun nemi a raba gado, aka raba. Ya so a ba shi ɓangaren da ya fi toho, malamin da ya yi rabon ya ce a yi ƙuri'a, ta faɗa mashi a gefen fadama inda babu komai sai ciyawa. Bai yi wata ba ya sayar. Ni da ƙanenmu muka haɗa namu, shi ke nomawa, ni nakan je duk damina in ga abin da ya ƙaru.

Inna ta hore mu kada mu yanke zumunci, ban yanke ba. In ya zo gidana da Sallah nakan shimfiɗa mashi tabarma, in kawo mashi tuwo, in tambayi iyalinsa. Amma na daina ce mashi Yaya. Alhaji nake ce mashi, kamar yadda direbansa ke ce mashi. Har yau bai lura ba, ina jin ma daɗin hakan yake ji.