Ranar da Malam Buba Ya Dawo daga Gabas

A gidanmu na Kankiya, idan sanyi ya shigo, da an idar da sallar isha'i sai mu yara mu taru a bakin murhun Iya, mahaifiyar babanmu. Takan bar garwashin da aka gama tuwo da shi, ta tura gyaɗa cikin toka, mu yi ta tono muna ƙona yatsu. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, maƙwabta na ta sauya rufin soro da kwano. Ni ba ta kiran sunana, domin sunan mijinta aka sa mini, Malam Idi, wanda ya rasu kafin a haife ni. Mai Sunan Malam take ce mini.

Shekarar da baffanmu zai tafi aikin hajji a jirgin sama, ba mu da zance sai na jirgi. Wata rana muna ta gardama ko ana iya buɗe tagarsa, sai Iya ta ce, "Yau ba tatsuniya zan yi maku ba, ba sai kun ce ta zo mu ji ta ba. Labarin wanda ya tafi da ƙafa zan ba ku."

Malam Idi ɗinkin riga yake yi, amma abin da aka san shi da shi shi ne rubuta waƙa da ajami. Yana da amini a Kaikai ta ƙasar Kusada, wani malami Bafulatani mai 'yan shanunsa, Malam Buba. A makarantar ilimi suka haɗu suna samari. Bayan kowa ya koma gida sai suka riƙa aika wa juna takarda ta hannun mata masu kawo nono kasuwa. Ɗaya zai rubuta ɗango biyu, ɗayan ya ɗora uku a kai, baiti ya cika, ya maido. Suna yi a kan damina, a kan mutuwa, har a kan jakin Malam Idi mai taurin kai.

Sun yi alkawarin tafiya Makka tare, a ƙasa, kamar yadda ake yi a lokacin. Ana saura kaɗan ayari ya tashi, mahaifiyar Malam Idi ta kwanta ciwon da ba ta ƙara tashi da ƙafarta ba, Iya kuma tana da tsohon cikin babanmu.

"Ni na tare shi a bakin ƙofa," in ji Iya. "Na ce mashi, Malam, in ka tafi wa zai ɗaga tsohuwa? Da safe na ga ya kwance kayanshi."

Bai iya zuwa Kaikai ya faɗa da bakinsa ba. Takarda ya aika. Malam Buba bai amsa ba. Ya sayar da shanunsa, ya ɗauki matarsa, ya bi ayari.

Sai da damina ta zagayo kafin takardar farko ta iso, a hannun wani alhaji mai dawowa. Iya ba ta karatu, amma Malam ya rera mata har ta haddace:

Na waiwaya baya a kan hanya,
Ban ga kowa ba sai inuwa.

Malam Idi ya ɗauka gori ne, kuma ya ga ya cancanta. Ya ɗora nasa uku ya ba masu tafiya gabas. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, wata takardar ta isa, wata ta ɓace. A cikinsu ya ji Malam Buba ya tsaya noman auduga a Sudan don neman guzuri, ya ji ya haye Bahar Maliya, ya ji matarsa ta rasu a hanyar dawowa. Maganar alkawari kuwa, ba wanda ya taɓa ta.

Ana gab da samun mulkin kai, wata rana da hantsi motar kaya ta sauke wani dattijo a bakin hanya, da buta da ƙunshi ɗaya. Ya tambayi gidan Malam Idi mai ɗinki.

"Na dama fura na kai bakin zaure," in ji Iya, "na laɓe don in ji abin da za su ce. Mutanen da suka cika gafaka da zance. Ya hanya? Lafiya. Ya iyali? Lafiya. Ya aka ji da gajiya? Sai shiru. Can ɗaya ya ce bana an sami ruwa. Ɗayan ya ce an samu kau. Har ƙafata ta yi tsami."

Kafin la'asar Malam Buba ya yi sallama ya kama hanyar Kaikai, wurin ƙaninsa. Malam Idi ya shigo gida ya zauna, tuwo ya huce a gabansa.

"Bai yafe mani ba," ya ce.

"Ka tambaye shi?" in ji Iya.

"Da wane bakin?"

Ta tashi ta ɗauko tawada da alƙalami ta ajiye masa kusa da kwanon. Ya jawo takarda ya rubuta:

Na saɓa maka alkawari Buba,
Ko akwai sauran fushi a zuciya?

Ranar kasuwa mai nono ta tafi da ita, kasuwa ta gaba ta dawo da amsa a naɗe cikin faifai:

Fushi na baro shi a Barno can baya,
Na zo neman saurayi na iske mai furfura,
Kunya ta hana ni buɗe baki da magana.

Iya ta ce Malam ya karanta a tsaye, ya yi dariya har ya riƙe bango, sannan ya nemi abinci. Daga nan takardu suka ci gaba da kai da kawowa har ƙarshen ransa. Sukan haɗu da sallah ko wurin ta'aziyya, su gaisa, su yi zancen ruwa, kowa ya koma gida ya ɗauki alƙalami. Malam Buba ne ya yi masa sallah da ya rasu.

Mu dai a ranar ba mu ji daɗin labarin ba. Ba kura, ba dodo, sai tsofaffi biyu da suka kasa hira. Ƙanwata ma barci ta yi.

Da na girma na yi ta juya shi a raina. Da farko na ɗauka darasin shi ne kada mutum ya fassara shirun ɗan'uwansa kafin ya tambaye shi, kuma har yau ina ganin haka ne. Sai da na yi aure na lura da wadda ke laɓe a bakin zaure. Ita ta hana tafiyar. Ta ga mijinta ya tsufa yana jiran takardu daga gabas, ya rasu bai ga Makka ba.

Wani hutu na zo gida na same ta tana ɓarar gyaɗa, idonta ya fara rauni. Na ce, "Iya, ke kin taɓa tambayar Malam ko ya riƙe ki a rai?"

Ta ci gaba da ɓara.

"Su suna da takarda, Mai Sunan Malam," ta ce. "Ni wa zan aika, muna ɗaki ɗaya?"