Wutar da Ba Ta Motsa Ba

Jiya da marece maƙwabciyata ta hura wuta da karan hatsi, iska ta turo hayaƙin ta kan katanga zuwa inda nake zaune ina tsintar shinkafa. Kai da ka tashi kan gas da gawayi ba lalle ka san warin nan ba. Ba irin na itace ba ne, yana da ɗan zaƙi a hanci, yana da yaji a ido. Ni dai da na shaƙe shi sai na aje faranti, domin ya maida ni ƙauyenmu, can arewa da Dogon Dutsi kan hanyar Matankari, ya kuma tuna mini hannun kakata na dama.

Kakar nan ita ta haifi babana, shi ne ɗanta na fari. In ka san mutanenmu na da, ka san abin da wannan ke nufi. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta zama inda yake zaune. In za ta yi maganarsa sai ta nuna ni da baki ta ce "uban wagga". Ƙannensa kuwa tana yi musu faɗa, tana yi musu dariya, har ɓoye musu ƙuli take yi a cikin ƙwarya. Ina yarinya abin nan yana ƙona mini rai ƙwarai. An sha gaya mini kunya ce, ni kuwa na ce a zuciyata wace irin kunya ce ta fi kama da ƙiyayya haka.

Bayan gonakin garinmu akwai wani dogon fili da aka share tun zamanin Nasara, aka zuba masa jan tsakuwa. Filin jirgi muke ce masa, amma gaskiya awaki sun fi jirgi sanin sa. Babu shinge, babu fitila ko ɗaya. Sai duwatsu da aka jera gefe da gefe aka shafa musu farar ƙasa, da bukkar mai gadi, wani tsohon soja mai faɗan tsiya wanda aikinsa korar dabbobi da saran sabara. Jirgi ba ya sauka wurin sai da rana tsaka, shi ma sai shekara ta kama.

A shekarar da nake ba ka labari damina ta yi kyau, hatsi ya fitar da kai ya fara ido, sai ga labarin fara daga arewa. Wanda bai taɓa ganin fara ta sauka kan gona ba, ba zai gane yadda manya suka daina fira a dandali ba. Babana ma'aikacin gona ne, kuma babu kwarin da bai sani ba tsakanin Matankari da Tibiri. Da gwamnati ta aiko ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu don neman inda farar ke kwana, matuƙin baƙo ne, bai san ƙasar ba. Sai aka ce babana ya riƙa shiga yana nuna masa. Ni fa har tafiyata ta sake. Duk ƴan lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta boko, sai da suka gaji da jin cewa ubana yana yawo a sama.

Ran nan sun tashi bayan azahar, gari garau. Wajen la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, da iska mai kwashe jinka. Aka yi ruwa sosai. Bai ɗauke ba sai da rana ta kusa faɗuwa, kuma jirgi bai dawo ba. Motar ma'aikatar gona, wadda da za ta iya haska fili da fitilunta, ruwa ya tsare ta can ƙetaren kwari. Innata ta ɗora tukunya ta manta ba ta zuba komai ciki ba. Kakata tana bakin ɗakinta tana kaɗi, kamar ba ta san abin da ake ciki ba.

Ana sallame magariba sai ga mai gadi a guje, wandonsa duk taɓo.

"Jama'a, abiyon bai komo ba!" in ji shi, yana nufin jirgin. "In yaz zo yanzu ba shi ganin ƙasa, kuma esansi nai, man tahiya, ba shi kai shi wani gari. Duk mai hitila shi hito da ita!"

Ban taɓa ganin garinmu ya tashi gaba ɗaya kamar ranar ba. Masu fitilar ƙwai, masu aci-balbal, ƴan kasuwa biyu-uku masu tocila, har masu bakin wuta daga murhu. Muka bi ta cikin gonaki, jiƙaƙƙen ganyen hatsi yana marin fuskokinmu, kwaɗi suna ta kuka. Mai gadi ya raba mu layi biyu, yana jan mutum da hannu yana kai shi. "Kowa shi tsaya bisa dutsinai," yake ta faɗi. Kakata ce ta iso ƙarshe, don ƙafarta ba ta sauri. Fitilarta ta riga ta ba innata, sai ta zare busassun kara daga cikin rufin rumbunta, ta ɗaure dami guda ta kunna kansa. Da yake sauran duwatsun duk sun samu mutane, mai gadi ya aje ta a na farko, can bakin fili inda jirgi ke fara taɓa ƙasa.

To, ga inda muka yi ɓarna. A garinmu ba a jiran baƙo a tsaye. In aka ji motsin mai zuwa bayan faɗuwar rana, ɗaukar fitila ake yi a tarye shi kan hanya, a karɓi kayansa, a rako shi. Wanda ya tsaya ƙyam har baƙo ya iso shi, ana cewa ba shi da tarbiyya. Da mai gadi ya ce mu tsaya, mu abin da muka ji shi ne mu tsaya har su bayyana.

Muka fara jin gurnani daga kudu, sannan muka hango ɗan haske ja da ɗan haske kore suna tafowa ƙasa-ƙasa. Wani ya ce, "Ga su nan!" Wata ta rangaɗa guɗa. Shi ke nan, layi ya watse. Kowa ya ɗaga fitilarsa yana kaɗawa, muka kwasa da gudu zuwa tsakiyar fili, ni da innata muna gaba-gaba. Jirgin ya sauko har ina ganin ƙafafunsa. Sai injin ya yi wata irin ƙara, ya ɗaga kai ya wuce ta bisa kawunanmu, iskarsa ta kashe rabin fitilun. Ya nufi wajen tsaunuka, duhu ya haɗiye shi.

Sai muka ji muryar mai gadi, kuma wallahi kuka yake yi, tsohon soja guda.

"Kun kashe su! Wa yac ce ku taryi jirgi? Baƙon doki na? Da yas sabka da ku zai niƙe!"

Muka juya za mu koma wurarenmu, amma ina. Duhu ya gama rufewa, ruwa ya wanke farar ƙasar da ke kan duwatsun, babu wanda ya san inda ya baro nasa. Mutane suna ta karo da juna. Innata ta durƙusa cikin taɓo tana salati. Ni kuwa a lokacin ne na fara gane cewa babana yana iya mutuwa a daren, kuma mu ne da murnarmu za mu zama sanadi.

Liman ne ya fara hango ta. Can nesa, a bakin fili, wuta guda tana nan inda aka aje ta.

"Ku dibi tsohuwa!" ya ce. "Ba ta gusa ba. Ku ɗauki sahu daga gare ta!"

Mai gadi ya ruga ya tsaya daura da ita a ɗaya gefen. Daga dutsenta aka laluba na gaba da ƙafa, daga shi aka samu na gabansa. Liman yana bin layi yana daidaita mutane kamar ranar idi, masu sauran wuta suna kunna wa waɗanda tasu ta mutu. Tawa aci-balbal ɗin ta faɗi cikin ruwa, sai na ruga wurin kakata.

"Tsaya bayana," ta ce, ba ta ko dube ni ba. "Kar ki motsa."

Daga nan na ga abin da babu wanda ya gani. Karan hatsi ba ya jimawa a wuta. Damin nan da ta zo da shi mai tsawon hannu ya cinye, saura ɗan abin da ta dunƙule. Ƙasa duk ruwa ce, in ta aje shi zai mutu. Ta ɗaga shi sama da hannun dama, ta tallafe gwiwar hannun da na hagu. Tartsatsi yana zubo mata a kan kallabi.

"Kaka, wuta ta kai ga hannunki!"

"Yi kurum."

Gurnanin ya dawo. Wannan karon babu guɗa, babu ko tari. Layi biyu na ƴan fitilu suka miƙe cikin duhu, kowa ya daskare. Ina jin warin kara, ina jin wani wari kuma wanda ba na kara ba, ina jin numfashinta yana fita ta tsakanin haƙora. Jirgin ya wuce dab da mu, ƙafafunsa suka bugi tsakuwa, ya yi tsalle, ya sake bugawa, ya gangara tsakanin layukan har ya tsaya can ƙarshe. Mutane suka ƙi motsi sai da mai gadi ya ce, "To, yanzu ku tahi!"

Gari duka ya ruga. Kakata ta saki abin da ya rage a hannunta, ya faɗi cikin ruwa ya yi cuu. Ta naɗe hannun a bakin zanenta, ta juya ta kama hanyar gida ita kaɗai. Ba ta je ta ga babana ba. Da safe da ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, fuskarta na kallon bango ta ce, "An komo?" Ya ce, "An komo." Iyakar maganar ke nan.

Yatsunta biyu suka ƙanƙance, ba su sake miƙewa ba. Ba ta ƙara kaɗi ba har ta bar duniya, ni nake ɗaura mata kallabi. In baƙo ya tambaya sai ta ce tukunya ce ta ƙone ta. Jirgin ya ci gaba da aikinsa, an samu hatsi a shekarar ko da ba kamar yadda aka sa rai ba. Ni kuwa na kasa haɗa abubuwan biyu a kaina, matar da ta bar wuta ta ci hannunta da matar da ta kasa cewa sannu.

Sai bayan rasuwarta, na riga na yi aure, na yi wa babana maganar. Ya ce daga sama, a zuwan farko, fitilun duk sun cure wuri ɗaya suna yawo, matuƙin bai san ina fili ina gona ba, kuma man da ya rage na zagaye ɗaya ne. Wuta guda kaɗai ce ba ta motsa ba. Ita babana ya nuna masa ya ce nan ne bakin fili, ita suka riƙe da ido har layukan suka tsiro daga gare ta.

Na ce, "Baba, ka san ko wa ta?"

Ya yi ƴar dariya, idonsa ya cika. "Duk garin nan, wa ad da ikon tsayawa bai tarye ni ba in ba ita ba?"

Yau filin nan gonaki sun cinye gefensa, duwatsun an kwashe an yi tushen gini da su. Kunyar ɗan fari ma ta tafi. Matasan gidanmu masu karatun addini suna cewa ba ta da asali, kuma ban iya yi musu gardama. Ni kaina sunan ɗana na fari nake kira gatsau, a waya ma har in yi masa tsawa.

Kwanakin baya na je Yamai taryen ɗan nawa, zai dawo daga karatu. Ana kiran magariba muna kan hanyar filin jirgi, sai na hango an kunna fitilu gaba ɗaya. Wasu farare sun miƙe tun daga nesa suna nuna hanya, kore sun gitta a bakin fili, layi biyu sun tafi sambal har inda jajaye suka tare ƙarshe. Babu mai riƙe da su. Ba su san wa ke cikin jirgin ba, don haka babu abin da zai sa su gudu. Na gode Allah da aka samu irinsu.

Da ƙofa ta buɗe ya fito yana tura kaya, ƙannensa da goggonninsa suka ruga suna kiran sunansa. Ni ma na yi niyya, amma ƙafafuna suka ƙi. Na tsaya inda nake, sai na ga na dunƙule hannuna na dama har farce ya shiga tafi. Ya ratso mutane ya zo gabana yana dariya.

"Mama, kowa ya tarye ni ban da ke."

Na kau da kai don kada ya ga idona. Na ce, "An komo?"