Gwiwar Kaho

Ni na koya wa Kaho Mizunuma feɗe kifi, kuma gaskiya ba ta taɓa iyawa ba. Hannun yarinyar nan kamar na aro ne. Duk basirarta a ƙafa aka zuba mata, musamman ta hagu.

'Yar garinmu ce, ubanta masunci. Tun tana ƙarama take buga ƙwallo da maza a filin da ake shanya taru, har iyayen yaran suka fara ƙorafi wai tana kunyata musu 'ya'ya. Da ta gama sakandare ƙungiyar mata ta garinmu ta ɗauke ta. Ƙungiyar ƙwararru ake ce mata, amma da safe duk 'yan wasan a masana'antar kifi ta Shugaba Oshikiri suke aiki tare da mu tsofaffi, tunda shi ke ɗaukar nauyinsu. Sai bayan abincin rana su tafi atisaye suna ƙarnin kifi.

Shi dai Oshikiri masana'antar gadonta ya yi, tumbin kuma shi ya tara abinsa. Ƙwallo bai san kanta ba, bai san gindinta ba. Sai an dawo hutun rabin lokaci yake shigowa fili, ya zauna ya tambayi direbansa, "Waɗanne ne namu?" Akwai ranar da ya miƙe yana tafi alhali mu aka ci. Amma in ka ji shi gaban baƙi yana "'ya'yana, 'ya'yana," sai ka rantse shi ya goya su. Kocinsu kuwa, Tadokoro, a fili zaki ne, ihunsa har bakin teku ake ji. Da ya hango motar Shugaba sai ya soma rusunawa tun motar ba ta tsaya ba, har nakan ji tsoron kada wata rana ya kife.

Kaho ba ruwanta da su. A gefen hagu take wasa, in ta ja ƙwallo sai mu bar gulmar da muke yi mu miƙe tsaye. A shekararta ta uku wata babbar ƙungiya daga wajen Tokyo ta aiko mutum ya kalle ta, ya ce suna so. A can babu kifi, ƙwallon ce aikin. Sai kuma a wasan ƙarshe na kakar wasannin wata mai tsaron baya ta faɗo mata a gwiwa, guringuntsi ya yage. Likita ya ɗinke, ya ce za ta warke garau, da sharaɗi guda: kada ta kuskura ta naɗe gwiwar nan har ƙarshe kafin bazara. Mutanen Tokyo suka ce za su jira.

Na ga yadda yarinyar nan ta lallaɓa ƙafar. Ko takalmi za ta sa sai ta miƙe ta tukuna. "Inna," takan ce da ni, "ni da gwiwar nan mun ƙulla yarjejeniya, na bi ta yanzu, ta bi ni daga baya."

Sai ga walimar sabuwar shekara. Kowace shekara Oshikiri kan tara manyan gari da rana a masaukin baƙi da ke kan tudu, a zauna bisa tabarma, kowa da ɗan teburinsa. 'Yan wasa su ke zagayawa suna zuba giyar shinkafa. Kuma kowa ya san ba a zuba wa babba a tsaye. Durƙusawa ake yi, a zauna a kan dugadugai, a riƙe kwalba da hannu biyu.

Mu ma'aikata muna can ƙarshen ɗaki kusa da ƙofa, Kaho na gefena, ta miƙe ƙafarta ta rufa mata mayafi. Oshikiri ya sha ya yi jawur, ya ɗaga ƙoƙonsa.

"Ina tauraruwata? Kaho, zo ki zuba wa ubanki kafin Tokyo ta ƙwace ki!"

Na kamo hannun rigar Tadokoro. "Koci, gwiwarta fa. Gaya masa mana."

"Na ɗan lokaci ne kawai," in ji shi, idonsa na kan kifin da ke gabansa.

"Kai da ihunka ke tsorata tsuntsaye, yau bakin ya mutu?"

"Inna, rufa mini asiri, ba nan ne wurin ba."

Kaho ta tashi tana ɗingishi, ta je gaban Oshikiri, ta rusuna iya yadda za ta iya, ta miƙo kwalbar. Ya janye ƙoƙon.

"Au, a tsaye? Tun ba ki je birni ba har kin fi ƙarfin durƙuso?"

"Ranka ya daɗe, likita ne ya ce..."

"Likita! Uwata da ciwon gwiwa ta mutu, ban taɓa ganin ta zuba wa baƙo shayi a tsaye ba." Ya juya wajen manyan gari yana dariya. "Kun ga yaran zamani ko?"

Su ma suka yi dariya, saboda giyarsa ce a cikinsu. Ubanta na cikin ɗakin, kuma duk kifin da yake kamawa Oshikiri ke saye. Uban ya sunkuyar da kai. Kaho ta dubi uban, ta dubi koci. Yarinya ce mai tarbiyya, abin da ya cuce ta ke nan. Ta durƙusa a hankali, ta zauna a kan dugaduganta.

Ban ji ƙarar komai ba, kada in yi ƙarya. Fuskarta kawai na ga ta yi fari fat. Ta cika ƙoƙon ba ta zubar da ko ɗigo ba. Shi kuwa gogan ya ga ya samu mai saurare, ya shiga ba ta labarin yadda ya kusa zama ɗan wasan kokawa yana saurayi, tana durƙushe tana cewa, "Haka ne, ranka ya daɗe." Da ya gama, sai da abokan wasanta biyu suka ɗaga ta.

Ɗinkin ya farke. Aka sake aiki, aka yanke abin da ba zai ɗinku ba. Mutanen Tokyo suka yi waya da ladabi, suka ce suna mata fatan samun sauƙi. Ta koma fili bayan shekara, amma gudun ya tafi, kuma duk wasan da ta buga sai gwiwar ta kumbura kamar kabewa. Tana da shekara ashirin da uku ta ajiye takalmi. Na yi kuka ranar.

Tana nan tare da mu, an mayar da ita wajen liƙa takarda a jikin kwali. Bara da aka zo walima, muna shiga muka tarar an ajiye wata 'yar kujera a gefe. Ashe masu masaukin suna da irinta jibge a ɗakin ajiya, saboda tsofaffi. Oshikiri ya miƙe da ƙoƙo a hannu, ya nuna kujerar.

"Ni na sa a kawo wa Kaho," in ji shi. "Ba na son abin da zai taɓa gwiwar 'yata."

Ɗaki ya ɗauki tafi, Tadokoro ya fi kowa. Kaho ta rusuna ta yi godiya, ta zauna.