Jajayen Shanu a Jinin Zali

Dakoro zuwa Maradi

Ana kiran assalatu muka bar tashar Dakoro, mu uku a kujerar baya: ni, da 'yata Zali mai shekara goma sha uku, da surukata Hajiya. Zali amosanin jini gare ta. In ciwon ya tashi sai ta dunƙule tana cizon zane, amma ba kumburi, ba rauni, ba abin da ido zai kama. Shi ya sa Hajiya ta yanke cewa raki ne kawai. Ta hana a ƙara sayen magani, kuma ita ke tura yarinyar rijiya da sanyin safiya, wai jikinta ya yi ƙwari. Abin yana ci mini rai, amma wa ya isa ya ja da uwar miji? Da likitanmu ya ce masu bincike a Yamai suna neman jinin yara irin Zali, Hajiya ta ce ƙafarta ƙafarmu, sai ta ga ƙaryar da idonta.

Kafin Kornaka na fara gyangyaɗi. Na buɗe ido na ga mota tsaye, gari ya yi ja, garken jajayen shanu ya cushe a bakin burtali. Ƙahoni kawai nake gani suna lilo a hankali, har na rasa ko barci nake yi.

"Wanga garke sai ya kai mu azahar," in ji direba.

"Saniya guda ce ta gitta ƙaho," in ji Hajiya, wadda ta tashi cikin makiyayan Bader Goula. "In ta gyara kai, duk su wuce."

Haka kuwa aka yi. A Sabon Maci jandarma ya duba takardunmu, muka karya da cuku da shayi. Hantsi ya ɗaga muka shiga Maradi.

Maradi zuwa Yamai

Babbar mota muka shiga, mai sanyin tsiya. Na lulluɓe Zali da zane biyu, Hajiya tana harararmu. Konni, Dogon Dutsi, Doso, duk sun wuce ni tsakanin barci da farkawa. Abin da na riƙe shi ne ƙamshin kilishi da nauyin kan Zali a kafaɗata. A gidan ƙanwata muka sauka.

Ɗakin binciken

Likitar, wata 'yar Tawa mai sanyin murya, ta ɗora mana wani ɗan abu a tafin hannu, garai-garai, bai fi ƙwayar sukari biyu ba. Ta ce a cikinsa an zana hanyoyi da suka fi gashin kai siranta, kwaikwayon ƙananan jijiyoyin jiki. Ta gaya mana gaskiya cewa bincike ne, ba warkarwa ba.

"A fara da nawa," in ji Hajiya, ta miƙa yatsa.

Aka ɗiga, aka sa ƙarƙashin madubin likita, hoton ya fito a babban allo. Wayyo, kyau! Ƙwayoyi jajaye-jajaye, kewayayyu, suna gangarawa ɗaya bayan ɗaya, suna lanƙwasa jiki a matsatsi su wuce. Da an bar ni, da na yini a nan ina kallo.

Sai aka sa na Zali. Da farko shi ma ya tafi. Likitar ta rage iskar da jini ke ɗauka, ta ce haka yake faruwa a jiki, kuma sanyi da gajiya da ƙishi suna ƙara tsananta shi. Muna kallo wasu ƙwayoyin suka miƙe, suka lanƙwashe, suka yi tsini. Guda ta gitta a bakin hanya. Na baya suka taru a kanta, komai ya tsaya cak.

Hajiya ta matso har goshinta ya kusa taɓa allon.

"Ta gyara kai mana," ta ce a hankali. "Mi ya hana ta?"

"Ba ta iyawa, Hajiya. Ta sandare."

"To naman da ke gaba, wa ka kai mishi jini?"

"Ba kowa. Shi ne ciwon."

Hajiya ta juya ta dubi Zali, ta daɗe.

"Ƙawata, a ina kike jin shi?"

Zali ta nuna ƙwaurinta. Shekara nawa tana nuna wurin nan, ranar ce aka fara dubawa. Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba.

Komawa gida

A hanyar dawowa, da muka iso Maradi, Hajiya ta tsayar da mu a kantin magani, ta kwance bakin zanenta ta sayi maganin Zali. Mun iso Dakoro da la'asar sakaliya. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da ƙanwata da ta sauke mu, da likitar da ta yi haƙuri da tambayoyinmu.

Washegari da asuba Zali ta tashi ta lalubi guga kamar yadda ta saba, ba ta same shi a maratayinsa ba. Na leƙa ta taga. Can na hango Hajiya a hanyar rijiya, tana ɗingisawa da gugan a hannu. A murhu kuwa ta bar tukunyar ruwa tana tururi, da kwandon sabulun Zali a gefe.