Baba Lasifika, Mai Waldar da Ya Hana a Sayar da Ƙungiyarmu

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, ina ofis ina jiran kocinmu sai babban ɗanka ya kira ni a waya. Da jin muryarsa na miƙe tsaye. Ya ce, "Kawu, Baba ya cika." An ce ka buɗe shagon waldarka kamar kullum, ka ce kanka yana sarawa, ka zauna a kan bencin ƙofa, ba ka sake tashi ba. Bayan la'asar muka raka ka makwancinka.

Ni ne sakataren ƙungiyar ƙwallon ƙafar garinmu, wadda ta daɗe tana fafutuka a ƙaramin rukuni, kai kuma shugaban magoya bayanta. Wanda ya san mu daga nesa zai yi mamakin cewa ni ke rubuta wannan, domin tun da na hau kujerar nan babu wanda ya hana ni sakat kamarka. Saboda muryarka aka laƙaba maka Lasifika. Kana rumfar gabas kana magana, mai tsaron ragar da ke can ƙarshen fili ya ji ka sarai. Wani alƙalin wasa ya taɓa gajiya da kai, ya ce ko ka zauna ko ka zo ka karɓi usur ɗin. Ka ce, "Miƙo, ai dama a hannunka ado ne."

Amma ba ihu kaɗai ka ba ƙungiyar nan ba. Turakun raga, ƙofar shiga, bencin 'yan canji, duk da hannunka ka haɗa su, ba ka taɓa kawo mana takardar biya ba. Idan albashi ya makara, 'yan wasan da ba su da kowa a garin gidanka suke nufa, uwargidanka ta ƙara ruwa a tukunya ba tare da ta tambayi sunan kowa ba. Lokacin da mai tsaron bayanmu ya karye a ƙafa, likita ya ce shi da ƙwallo har abada, kai ka je ka same shi a ɗaki yana kuka. Ka ce ƙafa ce ta karye ba hannu ba. Ka koya masa walda, yau yana da shagonsa da iyalinsa.

Shekarar da kamfanin da ke ɗaukar nauyinmu ya janye, a nan na san ko kai wane ne. Watanni suka shuɗe ba albashi. Motarmu ta mutu a hanya, muka isa wani wasa bayan an ba abokan karawarmu maki. Kwamiti ya ƙara kuɗin tikiti, ga shi kullum ana cin mu, ran mutane ya ɓaci. Ana cikin haka wani attajiri ya zo da tayi: zai sayi gurbinmu a gasar, ya biya 'yan wasa haƙƙinsu, amma zai kwashe ƙungiyar zuwa garinsu, ya sauya mata suna da riga. Kwamiti ya karkata ga amincewa. Ni ma a lokacin ban hango wata mafita ba, domin ni 'yan wasa ke tarewa a ƙofar ofis suna faɗa mini mai gida ya ba su wa'adi.

Da labari ya fita, ka ce kada wanda ya shiga fili. Ranar wasa magoya baya suka zo cikin rigunansu, suka tsaya a bayan katanga suna waƙa, rumfuna kuwa wayam. Aka ci mu. Muna fitowa, ni da shugaban ƙungiya a mota ɗaya, jama'a suka kewaye mu. Na ji dutse ya daki bayan motar, na ga wani ya ɗaga sanda. Sai ga ka ka ratso taron, ka tsaya ka jingina bayanka da gilashin gaba, ka buɗe muryar nan taka:

"Duk mai son jifan motar nan, ya fara da ni! Amsa muka zo nema, ba jinin kowa ba."

Hannaye suka sauka. Ka sunkuyo ta taga, gumi na zuba, ka ce, "Sakatare, kada ka ɗauka na huce. Ranar Asabar ku zo rumfa ku yi mana bayani a gaban kowa."

Muka je. Muka baje komai, abin da ke shigowa da inda yake tafiya. Ka yi ta tambaya har maƙogwarona ya bushe. Da ka gamsu, ka miƙe ka ce, "Jama'a, na daɗe ina cewa mutanen nan suna ci. Ban ga ci ba, rashi na gani. Na janye maganata, su yafe mini. Amma sayarwa dai ba mu yarda ba." Shugaban ƙungiya ya ce to wa zai biya 'yan wasa? Ka juya ka nuna rumfa: "Masu ihun."

Daga ranar ka ajiye aikinka rabi, ka bi teloli da makanikai da direbobi da matan kasuwa, kowa ya yanki katin zama ɗan ƙungiya, ya riƙa ba da abin da ya sawwaƙa duk wata. Sharaɗinka ɗaya ne: magoya baya su samu kujera a kwamiti, su ga komai da idonsu. Kai suka ɗora a kan kujerar. Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Gwanin cin ƙwallonmu ya tafi inda ake biya a kan lokaci, ƙarshen kaka muka faɗa rukunin da ke ƙasa. Wasu da suka ɗaga ka sama jiya suka dawo suna cewa taurin kanka ne ya jawo. Ka shanye, ba ka rama ba. Taurin kan kuwa kana da shi, wannan ko iyalinka ba za su musa ba. Sai dai saboda shi ne har yau ƙungiyar tana garinmu, da sunanta, da launin rigarta, kuma bana babu ɗan wasan da ke bin mu albashi.

Ba ka taɓa yaba mini a gaban idona ba. Amma da aka kwantar da matata a asibiti ana neman jini, kai ka fara miƙa hannu. Kana fitowa, auduga a damtse, ka ja ni gefe. Na zaci jaje za ka yi mini. Ka ce, "Allah ya ba ta lafiya. Yanzu yaushe za ku sayo ɗan wasan gaba?" Ranar ce na fara dariya tun da aka kwantar da ita.

Jiya muka yi zaman kwamiti na farko ba tare da kai ba. Duk abin da na gabatar aka amince, babu wanda ya buga tebur, babu wanda ya ce a maimaita. Muka gama da wuri, amma aka rasa mai fara tashi. Ban taɓa fita daga taro zuciyata ta yi nauyi haka ba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Cikin da ya ciyar, da hannun da ya koya wa sana'a, da rayukan da ya tsaya ya kare, Ka sanya su a mizaninsa. Ka sa Aljanna Firdausi ce gidansa.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta kwamiti da 'yan wasa da dukkan magoya baya, ga uwargidansa, da 'ya'yansa da jikokinsa, da 'yan uwansa da abokan sana'arsa. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya albarkaci bayansa, ya tsaya muku kamar yadda ya tsaya wa mutane. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.