Ƙarafan da Ke Ƙirjin Yayana

Ni tun ina ƙarama ba na yarda da abu sai na juya shi na ga bayansa. A gidanmu na Argungu har tsokanata ake yi, wai ko ruwa aka miƙo mini sai na shinshina. Da wannan hali na tafi Birnin Kebbi, inda nake buga tafireta a wani ofis, zamanin da kowace takarda sai ta je Sakkwato an sa mata hannu.

Yayana manomin shinkafa ne a fadama. Tari ya ci shi shekara biyu, har aka tura shi wani babban asibiti can kudu, aka yanke ɓangaren huhunsa da ya lalace. Ya dawo a rame amma da ƙafarsa, riƙe da babbar ambulan mai hoton ƙirjinsa. Sati biyu da dawowarsa ya fara tofar da jini. Aka aiko mini, na hau mota sai gida.

Na tarar da Inna, mahaifiyarmu, a tsakar gida ta ɗaga hoton tana duba shi a hasken rana. Ta gefen dama akwai wasu ƙananan abubuwa farare a jere.

"Duba nan," in ji ta. "Allurai na. Jifa na anka yi mishi, kuma na san mai shi."

Maƙwabcinmu na gona take nufi, wanda suka yi cacar baki da Yaya kan hanyar ruwa.

Na karɓi hoton. Kallo ɗaya na gane su, don kullum ina matsa irinsu a kan takardu. Raina ya ɓaci.

"Inna, ba wani jifa. Ƙarhen sitefila na, irin ta maƙale takardu ga ohis. Zaren ɗinki ya ƙare ma likitoci, sunka ga baƙauye, sunka maƙale mishi huhu awa fayil."

Ban tambayi kowa ba. Na dai san yadda muke yi a ofis idan kaya sun yanke, a lallaɓa da abin da ke hannu, sai na ɗauka asibiti ma haka ne.

Yaya yana kwance kan tabarma yana jinmu. Ya ce, "Ku dai maishe ni asibiti. Likita ya ce in nag ga jini in koma maza."

"Ka koma su ƙara maka wasu?" na ce. "Babu inda za ka."

"To, ke kinka yi boko," ya ce, ya juya fuskarsa bango.

Kwana uku muka yi haka. Inna tana ta hayaƙi da rubutu, ni kuma na sayo maganin ƙarin jini a kemis, ina tsara wasiƙar ƙorafi a kaina, har ina jin daɗin kalmomin. Rana ta huɗu da hantsi ya yi tarin jinin da ya cika ƙwarya. Nan gardama ta ƙare, muka sa shi a mota zuwa Birnin Kebbi, Inna ta tsaya gida.

Likitan da ya karɓe mu ya ɗaga hoton, ni kuma na buɗe baki na fara zuba masa ƙarata. Ya bari na gama. Ya ce waɗannan ƙarafa don aikin huhu aka ƙera su, mutum yakan rayu da su har tsufa. Sai dai wani lokaci jijiyar jini takan buɗe kusa da su, kuma ɗan jinin farko shi ne gargaɗi, wanda ya zo da wuri akan tare masa.

"Yaushe ya fara?"

"Jiya," na ce.

Ya buɗe tafin hannun Yaya, fari fat, alamar ya kwana biyu yana zubar da jini. Bai ƙaryata ni ba, ya ce a wuce Sakkwato yanzu-yanzu. Ba mu kai ba. Yaya ya cika a hanya, kansa a cinyata.

Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka watse, Inna ta kira ni ɗakinta.

"Ke kinka ji turancinsu. Mi likita yac ce?"

Na zauna gefenta na ce:

"Ya ce ko da mun kai shi tun ran farko, ba a iya komi."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta dafa kaina ta sa mini albarka.